Kafin Ka Hau Doki a Bakin Teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana na nan Jos da na Abuja waɗanda ke shirin kai iyali Legas hutun ƙarshen shekara. Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san irin hoton da ake yayi yanzu: mutum a bisa doki, teku a bayansa, iska tana kaɗa masa riga. Har ta kai idan ka je Elegushi ko Badagiri, ko Labadi a Akara, ka dawo ba ka da wannan hoton, sai a ce ba ka je ba. Ni a gidan dawaki na tashi, kuma fatauci yakan kai ni Legas da Kwatano, don haka na ga abin da hoton ba ya nunawa.

Matsalarmu mu 'yan Arewa ita ce muna ganin doki namu ne. Wanda ya taɓa raka ango hawan angwanci, ko ya yi kilisa a gefen filin folo na Jos, ko aka zagaya da shi a bakin tafkin Jabi, da ya hango doki a bakin teku sai ya ji ya ga ɗan gida. Yaron dokin ma sau da yawa ɗan'uwanmu ne, da Hausa zai tare ka, "Alhaji, ga ingarma, a zo a ɗana." Sai mutum ya saki jiki. To dokin dai na gida ne, amma ƙasar da yake takawa da ruwan da ke gefensa baƙi ne a gare ka, kuma shi kansa ba a hayyacin da ka san doki da shi yake ba.

Bari in fara da dokin, domin shi ne ba ya iya magana. Da yawa daga dawakin nan daga Arewa aka sauko da su, daga kasuwannin dabbobi irin ta Maigatari. Kudu ba ƙasar doki ba ce tun fil azal. Ƙudan tsando da cutar sammore da yake yaɗawa su suka hana kiwonsa a kurmi, shi ya sa ko daular Oyo, da ta yi suna da mayaƙan dawaki, daga Arewa take sayo su. Mu a nan kan tudu muna da sanyi da busasshiyar iska, dalilin da ya sa tun 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom ke nan. Doki da gumi yake sanyaya jikinsa, a Legas kuwa iskar a jiƙe take, gumin ba ya bushewa, sai dabba ta yi ta haki. Lafiyayyen doki yana shan lita 25 zuwa 50 ta ruwa a yini, cikin zafi da aiki ma ya fi haka, kuma ruwan teku ba ya shayuwa. Ka duba ko akwai bokitin ruwan daɗi a inda aka ɗaure su. Idan ranar Lahadi ce ko ranar hutu, ka sani dokin da aka miƙo maka da la'asar tun hantsi yake ɗaukar mutane.

Saboda haka kafin ka yi ciniki, ka ce a kwance majayi, wato igiyar da ke ɗaure sirdi a cikin doki, a ɗaga sirdi ka ga bayansa. Na taɓa sa aka yi mini haka a wani bakin teku da ba zan ambata ba. Wani kili ne mai kyan gani daga nesa, an yi masa ado da jan ƙyalle da tuntaye. Yaron ya yi ta hanya-hanya, na ce sai an ɗaga. Da aka ɗaga, babu zubka, wato shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin sirdi, ko ɗaya, tsohon soso ne na katifa aka ninka, ya sha gumi ya sha yashi, a ƙarƙashinsa kuma ga miki kamar tafin hannu a daidai doron, ƙudaje suna bi. Da na kai hannu kusa, fatar wurin ta yi ta karkarwa, ya kwantar da kunnuwa baya. Yashi idan ya shiga tsakanin sirdi da fata mai gumi, gogar ta yake yi har ya cinye gashin, sannan ruwan gishiri ya shiga ciwon. Irin wannan dokin shi ne ke yin tutsu da zarar an zauna masa, a ce wai mugun hali gare shi.

Ka kuma duba gefen bakinsa ko linzami ya yanka shi, ka duba haƙarƙari ko ana ƙirga su daga nesa. Ka ce yaron ya ja shi 'yan taku a gabanka. Idan yana ɗaga kai sama duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taɓa ƙasa, ɗingishi yake yi, wannan ƙafar ce ke ciwo. Ka bar shi, ka nemi wani. Ban ce a hana yaran nan neman abincinsu ba, galibi ma ba su ne masu dawakin ba, kuɗin yini ake jira su kai wa maigida. Amma muddin za a biya kuɗi a hau mai miki, ba ranar da za a huta da shi a yi masa magani.

Sai batun nauyi, wanda mutanenmu ba sa son a taɓo. Ƙa'idar da masana dawaki suke bi ita ce kada kayan da ke bayan doki su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, har da sirdi. Dokin da ke da kilo 350, kilo 70 ke nan. Dawakinmu na gida ba su kai girman na Ajantina da ake buga folo da su ba, balle wanda ya rame. Amma sai ka ga Alhaji da tumbinsa ya hau, an miƙa masa yaro a gaba, wani a baya, an tsaya ana ta canza tsayuwa ana ɗaukar hoto. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito da ya hana mu mayar da bayan dabbobi mumbari. A ɗauki hoton a sauka.

Ciniki kuwa a gama shi ƙafarka tana ƙasa. Kuɗin shiga bakin tekun daban ne, na doki daban. A faɗi nawa ne, daga ina zuwa ina, da dawowa ko ba da dawowa ba, hoto a ciki yake ko a waje. Idan ka bari sai kana sama, mai riƙe da ragama shi ke da farashi.

Yanzu ga ƙasar. Mu mun saba da tsandauri da jar ƙasa, inda kofato ke samun abin dogara. Yashin bakin teku iri biyu ne. Na sama busasshe ne mai zurfi, ƙafar doki tana nutsewa a ciki, kowane taku sai ya fizgo ta. Sukuwa a irin wannan yashi ita ce ke tsinka wa doki jijiyar ƙafa, ciwon da ke ɗaukar watanni bai warke ba, wani ma ya tafi ke nan. Na ƙasa, wanda ruwa ya jiƙa ya janye, shi ne mai tauri, a nan tafiya take daɗi. Sai dai gaɓar Legas gangare ce, ba shimfiɗaɗɗiya ba, don haka doki a karkace yake tafiya, kai ma za ka ji kana zamewa gefen ruwa. Ga ramukan da yara suka haƙa suna wasa, ga fasassun kwalabe da igiyoyin taru da ruwa ya binne rabi. Wanda ya ce zai nuna bajintar sukuwa da zamiya irin ta hawan Daushe a wurin da ke cike da yara da masu talla, ganganci yake yi da ran wasu. Abin da ya kamata ka sa rai da shi shi ne tafiya a hankali, yaro yana riƙe da ragama a gaba, in ta yi yawa a ɗan yi sassarfa. Kuma ka shirya: da zarar an juyo da shi ya fuskanci turkensa, dokin da ke jan ƙafa ɗazu sai ya ƙara wuta. A nan ne akasarin baƙi ke faɗuwa.

Ruwan shi ne inda ya fi kamata ɗan Jos ya yi hattara. Ruwan da muka sani shi ne na kududdufan kuza da madatsar Lamingo, ruwa mai kwanciya. Teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa, kuma lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kowace rana domin wata yake bi. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Wurin da ka bi a bushe da tafiya, kana iya dawowa ka tarar ruwa ya rufe shi. Ka tambayi yaron ko masunta ruwa cika yake ko janyewa, lokacin janyewa shi ne na hawa. Da damina, wajen Yuni zuwa Satumba, igiyar ruwan Legas ta fi hauka, da rani takan lafa, amma ba ta taɓa zama abin wasa ba. A watan Agustan 2012 ambaliyar teku ta share mutane da dama a gaɓar Kuramo. Tsohuwar Bar Beach ma da iyayenmu ke ba mu labari, teku ta yi ta cin ta kafin a cike wurin a gina sabon birnin Eko Atlantic.

Akwai wani abu da ba wanda zai gaya maka sai ya same ka. Idan doki ya tsaya a inda igiyar ruwa ke karyewa, ruwan ya taho ya wuce ƙafafunsa sannan ya koma da gudu, in ka kalli ƙasa sai ka ga kamar kai da dokin ne kuke tafiya da baya. Jiri ya ɗebe ka, ka kama geza ba ka san ka kama ba. Dokin ma yakan ji haka, ga yashin da ke ƙarƙashin kofatonsa yana zarewa, sai ka ji ya yi tangaɗi. Maganinsa ka ɗaga kai ka kalli nesa, ka sa shi ya ci gaba da tafiya, kada a tsaya. Idan kuma ka ga ya sunkuyar da kai yana tonon ruwa ko yashi da ƙafar gaba, ba wasa yake yi maka ba, birgima zai yi, kuma bai damu da kana kai ba. Ka ja kamazuru, wato igiyar linzami, ka ɗaga masa kai, ka zungure shi da diddige ya wuce. In ya riga ya durƙusa, zare ƙafafu daga likkafa ka tsallake gefe, wayar ta jiƙe ba komai.

Kada ka yarda a shiga da kai ruwan da ya wuce gwiwar doki. Gaskiya ne doki yana iyo, amma da mutum a bayansa da igiya tana dukan fuskarsa, labari ya sha bamban. Akwai wurare a gaɓar da ruwa ke komawa ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfin da gwanin iyo ma ba ya iya ja da shi, kuma daga sama wurin ya fi ko'ina alamar kwanciya. Mu da yawancinmu ko a kogi ba mu iya iyo ba, me ya kai mu?

Tufafi ma abin dubawa ne. Babbar riga da malum-malum na filin idi ne. Iskar teku ba ta tsayawa, idan ta cika riga ko ta fizge mayafi ya bugi fuskar doki ko cinyarsa, zabura zai yi. 'Yan'uwa mata su ɗaure hijabi ya zauna, su sa wando a ciki, domin zama a karkace da zani a kan sirdin da ba don haka aka yi shi ba faɗuwa ce ke jira. Kada a hau da silifa ko ƙafa ba takalmi. Likkafarmu ta gargajiya mai faɗi ce, tafin ƙafa duka yake zama a kai. Ta can kuwa zoben ƙarfe ce siririya, sau da yawa gishiri ya sa ta yi tsatsa, ƙafa tana iya zurmawa ciki gaba ɗaya, kuma wanda ya faɗo ƙafarsa tana maƙale, jan sa za a yi a ƙasa. A sa takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya, a ɗora gaban ƙafa kawai. Gishiri yana cin fata, don haka ka ja majayi da igiyar likkafa da hannunka ka ji ko sun ruɓe. Hular kwano da wuya a ba ka, in kana da ta keke ka tafi wa yara da ita, ta fi babu.

Yara kuwa kada a sake su su kaɗai, kada kuma su zagaya ta bayan doki, domin ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, abin da ya ji motsinsa can harbi zai kai masa. Mu ba mu cika dandaƙe doki ba, yawancin na hayan nan ingarmu ne, idan biyu suka matsu da juna cizo da shuri ne zai biyo baya, ko da kuwa amarya da ango ne a kai ana son hoto kafaɗa da kafaɗa. Ƙara da kiɗan lasifika da babura masu ƙafa huɗu da ƙwallon da ke faɗowa ba sallama. Wanda ke da hali ya je da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kafin jama'a su cika, dokin ma bai gaji ba tukuna.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinka na Legas ya zagaya wuraren nan, ya zauna da yaran dawakin ya ji nawa ake ba su, ina dabbobin ke kwana, wa ke duba lafiyarsu, sannan ya tambayi hukumomin jihar ko akwai likitan dabbobi da ke leƙa su. Idan zai ƙara da na wuraren shaƙatawar Abuja da Jos, ya yi daidai, domin sosan katifa a madadin zubka na gan shi a nan gida ma.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta ku a kullum,
daga Jos, Jihar Filato.