Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa (NBC)

Ranka ya daɗe,

Ni mai haɗa sauti ne a wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano. Na koyi aikin tun ana yanka zaren kaset da reza ana liƙewa da salatif, har aka zo zamanin kwamfuta. Wani ɗan haɗi na minti uku ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗauko muryar shugaban ƙasa Bola Tinubu ta ranar 29 ga Mayu, 2023, a dandalin Eagle, inda ya ce tallafin mai ya tafi. Na biyo ta da ƙarar janareta yana tari har ya mutu, sai ɗan kamasho yana kiran sabon kuɗin mota, sai wata mai ƙosai tana cewa yau babu na hamsin. Na sake dawo da muryar shugaban sau uku, kowane karo kiɗan kamfe na ƙara dusashewa a bayanta. Ban sa masa kalma ɗaya da bai faɗa ba. Kuma kowa ya san cikin kwana biyu litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500.

Manajanmu ya saurara, ya yi dariya har da dukan tebur, sannan ya ce in goge. Babu wanda ya kira shi daga ko'ina. Tsoron kansa ne kawai, irin na wanda maciji ya sara ya ga tsumma.

Tsoron kuwa yana da asali. A Maris 2019 hukumarku ta ci tarar tashoshi 45 naira dubu 500 kowacce. A 2020 tarar kalaman ƙiyayya ta koma naira miliyan 5. Gaskiya ne a Mayu 2023 Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ce hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. Amma a Afrilu 2025 sai ga takardarku ta hana saka waƙar Eedris Abdulkareem da ke caccakar gwamnati. Manaja da ke fafutukar kuɗin dizal da na sabunta lasisi, takardar ofishinku ta fi hukuncin kotu nauyi a wajensa.

Wannan salon ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A Agusta 1984 shugaban Amurka na lokacin, Ronald Reagan, na gwajin makirufo kafin jawabinsa na mako-mako a rediyo, ya yi raha cewa nan da minti biyar za a fara yi wa Rasha ruwan bama-bamai. Mawaƙa a Amurka suka yanko muryar suka ɗora ta a kan kiɗa, faifan ya shiga kasuwa. Mu ma nan, 'yan kama sun daɗe suna kwaikwayon malamai da manya a bainar jama'a, yara kuma na yin tashe a ƙofar gidan hakimi, a yi dariya a ba su hatsi. Sarakunanmu sun san zambo da habaici suna rage zafin zuciyar talaka.

Na san abin da za ka ce, kuma da gaskiyarka: yanzu da fasahar ƙirƙirarriyar basira (AI) ana iya ƙera muryar shugaba ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Wannan ƙarya ce, a hukunta mai yinta. To amma a rubuta bambancin a fili cikin kundin ƙa'idojinku: muryar gaske, wadda aka faɗa a bainar jama'a, aka kuma sanar da mai sauraro cewa barkwanci ne, ba laifi ba ce. Layi biyu sun isa in kai wa manajana.

Haɗin dai ban goge ba, ranka ya daɗe. Yana nan a filas cikin aljihuna, in kana so in aiko maka ka saurara.

Naka,
Wani mai haɗa sauti, Kano