Yaya, maganar jikin Inna ce

Assalamu alaikum Yaya, ina gajiya, ya jikin Inna, ya mutanen Birni baki ɗaya. Nan Liyon sanyi ya fara shigowa amma lafiya lau muke.

Na saurari vokal ɗinka, ka ce kun dawo daga Yamai an yi mata shimiyo, wato maganin kansa, kuma ta ce da sauƙi. Yaya kai ma ka san Inna, ko kwana ta yi tana amai da sauƙi za ta ce maka, kunya da kawaici ba za su bar ta ta faɗa ba.

Nan asibitin da nake aiki masu kansa da yawa aplikasiyon ake sa musu a portabul, duk sati ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, zazzaɓi, amai, zawo, gyambon baki, abinci na shiga ko a'a, mutum na gida kwance yana latsawa, in amsar ta yi muni sai ta faɗo a kwamfutar infirmiye ta kira shi ranar nan, ba sai randevu ya zo ba. Ba wasa ba ne fa, a Amurka an gwada da mutum 766, sakamakon ya fito 2017, waɗanda ake bibiya haka sun fi sauran daɗewa a raye da wajen wata 5.

Mu ba mu da wannan, kuma Yamai kusan kilomita 900 ce, to mu yi namu da WhatsApp. Na turo kuɗi, ka sa Auta ta sayo termometir a farmasi da kaye guda, safe da yamma ta auna ta rubuta, ta tambaye ta sau nawa ta yi amai, ta leƙa kwanon tuwon da idonta kar ta yarda da baki, ta turo min hoton shafin. Ita Inna ta fi sakin jiki da ita, kai namiji ba za ta ce maka komai kan ciwon mamanta ba.

Abin da na fi tsoro kwana 7 zuwa 14 bayan shimiyo, lokacin ne sojojin jini masu kare jiki daga cuta ke faɗuwa. In zafin ya kai 38 don Allah kar a ce shawara ce a jiƙa sabara, kar a ba ta parasetamol a jira gari ya waye, ku kai ta babban asibiti ko tsakar dare ne, ku tafi da takardun Yamai ku ce tana kan shimiyo. Ka karɓi lambar likitanta ma in kun koma.

A gaida Baba da su Hajiya, a ce ma Inna zan kira Juma'a bayan la'asar ɗinku.

Ƙanwarka