Ku daina cakuɗa ƙayyade iyali da tazarar haihuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Baƙon da kuka kawo a shirinku na rediyo ranar Talata ya ce a yi doka kowace mace ta tsaya a 'ya'ya huɗu, mai gabatarwa kuwa sai "haka ne" yake ta cewa, bai ko tambaye shi ta yaya ba. Gwamnatin Babangida ta fito da wannan adadi a 1988, ya kuma ƙare a takarda. Mai mata huɗu ai sha shida ke nan. Wa ma zai ƙirga, a ƙasar da rabonta da ƙidaya tun 2006, mata kuma da yawa a ɗaki suke haihuwa? Ƙasar Sin da yake ta yabo ta soke dokar ɗa ɗaya a 2015, a 2021 ta ce a haifi uku, yanzu lallashin jama'a take su haihu.

Ɓarnar da baƙon ya yi mana mu ungozomomi a asibiti ita ta fi ƙona min rai. Da maigida ya ji kalmar "ƙayyadewa" a rediyo, shi ke nan, ya hana matarsa zuwa, ko da likita ya ce jininta bai kai ta sake ɗaukar ciki ba. Kun manta 2003, da jita-jitar cewa ɗigon foliyo na hana haihuwa ta tsayar da rigakafi a Kano wata da watanni?

Mu hutu muke koyarwa, shekara biyu daga haihuwa zuwa wani cikin, daidai da lokacin yaye. Shayarwa kaɗai tana karewa ne da sharaɗi uku: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, sai kwanika. Allurar Depo duk wata uku ce. Ashanar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu kuwa, akwai Implanon sanda ɗaya shekara uku, Jadelle sanda biyu shekara biyar. Robar mahaifa tana kai shekara goma.

Ga inda ake samun matsala. Allura da ashana sukan rikita al'ada a watannin farko, jini ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan ko ya ɗauke ƙaf. In ba a zaunar da mace an gaya mata tun farko ba, ta rasa ranar da za ta yi salla, sai ta dawo a fusace a cire mata, ta kuma hana maƙwabtanta. Wadda ta bar Depo kan yi watanni kafin ciki ya shiga, nan take a ce an juya mata mahaifa. Sannan a ce kayan kyauta ne, amma safar hannu, allurar kashe zafi da filasta sai ta saya. Wani lokacin ta biya kuɗin Keke daga Rigasa ko Kawo a ce mata kaya sun ƙare, ko wadda ta iya cire ashana ba ta zo aiki ba. Wannan ya kamata ku titsiye jami'ai a kai.

Don Allah kuma ku dubi masu tallar maganin maza da kuke sakawa bayan magariba. Yara na zaune ana cin tuwo, kalaman nan ba su jiyuwa.

Wata ungozoma,
Tudun Wada, Kaduna