Zuwa ga ɗana, kafin ka sa hannu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ke motsawa in sanyi ya shigo.

Ba daga bakinka na ji ba. A wurin sunan ɗiyar ƙanwarka aka faɗa mini wai an saka ka cikin kwamitin da zai ciwo wa jiha bashin daloli daga waje. Mutane suna ta yi mini barka ina amsawa, amma tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na san abin da ya sa ka yi shiru: ka san abin da zan ce.

Ba ka da wayo a 1985, lokacin da Babangida ya buɗe muhawara a kan ko a karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, ko kada a karɓa. Rediyo da jaridu suka ɗauka, mu ma malamai muna ta gardama a ofis lokacin tara. Jama'a suka ce ba sa so, gwamnati ta ce ta ji. Shekara na zagayowa sai ga SAP, shirin gwamnati na yi wa tattalin arziki garambawul. An ƙi bashin, sharuɗɗansa kuwa suka shigo ta bayan fage. Aka karya naira, wadda a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja. A takarda albashina bai ragu ba, amma a kasuwa ya zama kamar an zuba ruwa a rairayi. A lokacin ne na sayar da Vespa, a lokacin ne kuma aka jinginar da gonar nan. Ka san yadda ta ƙare, ba sai na tayar da maganar ba.

Na san za ka ce ai an yafe mana. An yafe, a 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala. Ƙasashen ƙungiyar Paris, wato ƙasashe masu arziki da ke ba da rance, suna bin mu kusan dala biliyan 30, suka yafe 18, muka ƙirga musu wajen 12 daga rarar kuɗin mai cikin 'yan watanni. Kaso mai yawa na abin da ake bin mu ɗin ma kuɗin ruwa ne da tarar jinkiri da suka yi ta hawa kan juna. Muka yi murna, ni har da sadaka. Yau ga mu mun koma gidan jiya.

Kai ne mai digiri a wannan fanni, amma bari tsohon malamin lissafi ya tuna maka abu ɗaya. Da dala za ku ranto, da naira kuke tara haraji. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk jihar da ake bi dala, bashinta ya ninka uku ba tare da an ƙara mata ko sisi ba. Kuma tun daga Abuja ake zare shi daga kason jiha kafin ya iso. Abin da ya rage shi ake raba wa malamin firamare, da mai jiran giratuti, da asibitin da babu ko auduga.

Tambayi kawunka na Kumasi. A Disamban 2022 Ghana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari. Kafin IMF ta amince da dala biliyan 3 a 2023, sai da gwamnati ta taɓa kuɗin mutanenta da suka ba ta rance. Tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, har da tsohuwar babbar jojin ƙasar. Waɗanda suka sa hannu a waɗancan basussuka ba su cikin masu zaman.

Duk wannan ba shi ne ke hana ni barci ba. Sa hannunka ne. Gwamna zai gama wa'adinsa ya tafi, kwamishina ya tafi, takarda ta zauna shekara 20 ko 30 da sunanka a jiki, sunan mahaifina. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan bashi ta sauka. An kawo gawa gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaya ko ana bin mamacin, da aka ce ana bin sa ya ce su sallaci ɗan'uwansu, sai da wani ya ɗauki nauyin biya. Wannan bashin mutum ɗaya ke nan. Kai kuma za ka ɗora wa miliyoyi, har da waɗanda ba a haifa ba, ba a kuma yi shawara da su ba. In kuɗin suka bi ta aljihun wasu, wa zai tashi ya ce ya ɗauke maka?

Kuma ka ji ni da kyau: tun da ka fara hawa jirgi na ga kana sauya. An ce ka ce tsoho ba ya gane tattalin arzikin zamani. Wataƙila. Amma tsohon nan ya taɓa ƙin sa hannu a takardar azuzuwan da ba a gina ba, aka jefa shi ƙauye shekara 6. Mahaifiyarka har gobe tana yi mini gorin gidan da ba a yi wa filasta ba. Da wannan albashin na ƙauye na biya maka jarrabawa, kuma ban taɓa sunkuyar da kai a masallacin unguwa ba.

Ban ce ka bar aikinka ba, ban kuma ce duk rance ɓarna ba ne. In ruwa za a jawo wa gari da shi, ka je da ƙafarka ka ga inda za a binne bututun, ka san nawa ne kuɗin ruwan, wace shekara za a fara biya, me aka jinginar. In aka hana ka gani, ka ajiye biro, ko da za a cire ka daga kwamitin. Ɗakinka na nan.

Ka zo gida kafin tafiyar, ko kwana ɗaya ne. Mahaifiyarka ta daka maka kuka da daddawa, ta ce ba za ta ba direba ba, sai hannunka. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.