Takunkumin Nijar da bakin talaka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta sa aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Mu a Sakkwato ganau ne: manyan motoci jere a Illela, albasa tana ruɓewa a buhu, dangi na Konni sun gagara ziyarta. Talaka ne ya ji a jikinsa, ba janar ba. Haushin nan ya ƙara wa masu zanga-zangar ƙin jinin Faransa a Yamai ƙarfi, har sojojin Faransa suka tattara komatsansu a Disamba.

To amma a Maris 2025 sojojin Nijar sun rusa jam'iyyu gaba ɗaya. Yau wanda ya fito titi yana neman a saki hamɓararren shugaba Bazoum, ina zai kwana?

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato