A Haɗa Mana Taimakon Masu Jinya Wuri Guda a Jos

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da yawun waɗanda ba su da lokacin fitowa su yi magana, wato masu jinyar iyaye da 'yan'uwa a cikin gida. Ni ɗaya ce daga cikinsu. Shekara uku ke nan da hawan jini ya kayar da mahaifinmu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ma sai wanda ya saba da shi ke ganewa. A gidan kuma akwai yayana wanda shan inna ta taɓa tun yana goye. Da Baba ne ƙafarsa, yanzu su biyun ni suke kallo.

Wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba zai gane abin da nake nufi idan na ce tun kafin kiran sallar farko nake hura gawayi. In ɗora ruwa, in goge wa Baba jiki, in canza masa famfas, in shafa masa man kaɗanya a baya da ƙugu, in juya shi ɗaya gefen in tokare da matashi. Da damina kuwa zannuwan gado sai su kwana biyu a igiya ba su bushe ba. Ranar zuwa gashin ƙashi a asibiti, keke napep ba ya iya shigowa lungunmu saboda duwatsu, sai na nemo samari huɗu su ɗauko shi a kan kujerar roba har bakin titi. In ba a samu samarin ba, gashin ranar ya wuce ke nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin shatar keke kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura.

Ban faɗi wannan don kuka da jinya ba. Uba ne, haƙƙinsa ne a kaina, kuma ina fatan lada. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne taimako akwai shi a garin nan, amma a warwatse yake, kowa da ƙofarsa, kuma babu mai nuna maka ƙofar. Gashi a wani asibiti, magani a wani kanti, rajistar inshora a wani ofishi da na je sau uku ana ce mini in dawo, keken guragu kuma sai bayan shekara guda na ji labarin inda ake bayarwa, shi ma a bakin wata maƙwabciya. Yadda ake juya mai shanyewar jiki duk bayan awa biyu don kada baya ya yi gyambo, ba wani ma'aikaci ne ya zaunar da ni ya koya mini ba ranar da aka sallame mu. Wata baiwar Allah ce a layin karɓar kati ta nuna mini, a lokacin kuwa gyambon ya riga ya buɗe. Wata huɗu muka yi muna wankinsa. Bayanin minti goma da ya hana wannan wahala.

Ba dokoki muka rasa ba. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigarsu yadda keken guragu zai shiga, ta kuma ce a fara sallamar irin waɗannan mutane a layi. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020, cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa ta fara aiki a 2021, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu domin marasa galihu, har da tsofaffi da naƙasassu. Nan gida muna da hukumarmu ta kare haƙƙin masu naƙasa, muna da PLASCHEMA mai kula da inshorar lafiya ta jiha. Abin alfahari ma, 'yan Filato ne suka riƙe hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa a jere: James Lalu da farko, sai Ayuba Gufwan da aka naɗa a 2024, wanda cibiyarsa ta Beautiful Gate ta daɗe tana ƙera kekuna a nan Jos tana raba wa waɗanda shan inna ta taɓa. To amma macen da ke Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo, wadda ba ta iya barin majinyaci shi kaɗai na awa biyu, ta yaya za ta bi waɗannan ofisoshi ɗaya bayan ɗaya?

Roƙona bai kai girman sabon gini ko sabuwar hukuma ba. Tun da manufar gwamnati ita ce kowace mazaɓa ta sami asibitin sha-ka-tafi mai aiki, a ajiye teburi ɗaya a cikinsa da ma'aikaci ɗaya da aka sani da suna. Ya riƙe littafi: gida kaza akwai tsohuwa a kwance, gida kaza akwai makaho da ba shi da ɗan jagora, ga wanda ke jinya, ga abin da suka rasa. Shi zai san ranar rajistar inshora ya kawo masu rajistar unguwa, ya san inda ake samun keke da sanda, ya tura ma'aikaciyar lafiya ta leƙa gida ko sau ɗaya a wata ta auna jini, ta duba baya, ta canza robar fitsari. Mai unguwa ya san kowane gida, ba sai an ɗauko baƙo ya yi ƙidaya ba. Kwamitin ci gaban mazaɓa ma yana nan, a ba shi wannan aiki.

Sauran hannuwan kuma muna da su. 'Yan agajin Izala da na Jama'atu da na Fityanu suna iya tsare dubban mutane a wurin tafsiri, to ɗauko tsoho ɗaya zuwa bakin titi ranar Talata ba zai gagare su ba idan an tsara musu. Zumuntar mata a coci-coci sun daɗe suna ziyarar marasa lafiya. A layin gashi ina zama kafaɗa da kafaɗa da matan Tudun Wada da Kabong, ciwon bayanmu ɗaya, rashin barcinmu ɗaya. Masu fitar da zakka kuma, maimakon a tara jama'a a ƙofar gida, wanda ke kwance ai ba zai zo layi ba, littafin nan zai nuna musu inda za su kai.

Abin da ya fi damuna shi ne ita mai jinyar kanta. Kowa ya shigo sai ya ce, "Ya mai jiki?" Ƙalilan ne ke cewa, "Ke fa, kin ci abinci?" Na ajiye ɗinkina, adashe na fita, bikin ƙawata ta kusa ban je ba. Na san wadda hawan jini ya kama ta tana tsakiyar jinyar uwar miji. Idan mai jinya ta faɗi, gida ya sami majinyata biyu. Rabin yini a mako, wani amintacce da aka koya wa aikin ya zauna da mara lafiya, ita ta yi barci ko ta je ganin likita, ya isa ya tsayar da mace da ƙafafunta. Kuma 'yan'uwa maza, ku yi haƙuri in faɗa: turo kuɗin magani alheri ne, Allah ya saka, amma ɗaga uba zuwa bayi da dare ba aikin 'ya mace kaɗai ba ne. Ku karɓi kwana ko ɗaya.

Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da kansilolinmu su gwada wannan teburi ko a mazaɓa ɗaya ce, na wata shida, a ga abin da zai haifar. Ku kuma, Malam Edita, ku turo wakilinku ya shiga lungunanmu da safe ya gani da idonsa. Ranar da aka buɗe littafin a unguwarmu, zan nuna musu gidaje biyar a layinmu kaɗai.

Daga wata mai jinya,
Unguwar Rogo, Jos.