A Tallafa wa Masu Ilimin Lissafi Su Shiga Binciken Lafiya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili domin in ja hankalin hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantun gwamnati da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kan wani giɓi da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato rashin tallafi na musamman ga masana lissafi, ƙididdiga da kwamfuta waɗanda suke son karkata ga binciken lafiya.

Mu mazauna Legas mun ga amfanin irin waɗannan mutane da idonmu. Lokacin da Ebola ta shigo birnin nan a watan Yulin 2014, jajircewar likitoci irin su marigayiya Dakta Stella Adadevoh ce ta tare ƙofa, amma a bayansu akwai aikin da ba a cika ambata ba: an bi sawun kusan mutum 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, ana duba zafin jikin kowannensu har kwana 21, ana tattara alƙaluman ana nazari. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da cutar. Wanda ya iya lissafi ne yake gane inda annoba ta dosa tun kafin gadajen asibiti su cika.

Ƙanwata tana da digiri na uku a ƙididdiga, kuma tana koyarwa a wata jami'a a nan. Babban burinta shi ne ta yi bincike kan mutuwar mata wajen haihuwa, abin da ya ci mana 'yan uwa fiye da ɗaya. Na sha tarar da ita cikin dare a gidanmu na Agege, takardun jarrabawa tsibi guda a kan tabarma, tana dubawa da hasken waya, littafin ilimin cututtuka da ta saya da kuɗinta yana gefe ko buɗe shi ba ta samu yi ba. Likitocin da ta tuntuɓa sun yi na'am da ita, sai dai kafin lissafinta ya amfane su dole ta koyi karanta fayil ɗin majinyaci, ta san ƙa'idojin bincike a kan ɗan Adam, ta zauna a asibiti ta ga yadda ake rubuta alƙaluman tun daga tushe. Wannan koyo na shekaru ne, kuma babu mai sauke mata nauyin aji.

A Amurka, cibiyoyin binciken lafiya na NIH suna da tallafin K25 domin irin wannan mutum. Ana biyan albashinsa na shekara uku zuwa biyar, da sharaɗin ya ba bincike aƙalla kashi 75 cikin ɗari na lokacinsa a ƙarƙashin wani gogaggen mai bincike. Amma na 'yan ƙasar ne da masu izinin zama na dindindin, don haka bai kai ga namu ba.

Roƙona shi ne TETFund ta ware wani kaso na asusunta na bincike ta kafa makamancin wannan a gida. A ganina kuɗin sayen kwamfuta da halartar taro ba su ne matsalar ba. Lokaci ne ya kamata a saya wa malamin, a biya wanda zai riƙe masa aji. Masu jagora kuwa muna da su a Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba da Asibitin Koyarwa na Idi-Araba. Ina wannan rubutu ne alhali wani banki ya yi wa ƙanwar tawa tayin aiki, kuma har yanzu ba ta ba su amsa ba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas